Ra'ayinmu: Na'urar Sauya Iska a Saman Bene, Wa Ya Kamata Ya Saya?

Manyan gine-ginen da ake tayarwa yanzu a Abuja da Kano da Kaduna, bankuna ne ko otal-otal ko ɗakunan biki ko kantunan zamani, kusan duk fasalinsu ɗaya ne: gilashi daga sama har ƙasa, taga wadda ba ta buɗuwa, da iyakwandishan a kowace kusurwa. Wanda ya shigo daga zafin rana zai ji daɗi, ya sa wa mai ginin albarka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, esin bango da muka saba da shi ba ya shigo da iska daga waje ko kaɗan. Iskar ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya mayar da ita. Bututun da ya ratsa bango zuwa injin da ke waje, gas ne ke bi ta cikinsa. Saboda haka mutum ɗari biyu da suka cika ɗakin taro tun hantsi, numfashin juna suke ta shaƙa har la'asar, sai dai mai sanyi.

Jiki yana shaida haka. Iskar kabon da muke fitarwa idan mun yi numfashi, a fili ba ta wuce kashi 420 cikin miliyan da kaɗan ba, amma a rufaffen ɗaki mai cunkoso tana haura 1,000 cikin ɗan lokaci, kuma wannan adadi ne injiniyoyi suka daɗe suna ɗauka a matsayin alamar cewa iskar wuri ba ta sauyawa yadda ya kamata. Daga nan kasala da gyangyaɗi da nauyin kai suke biyowa, ma'aikaci ya ɗora laifin a kan abincin rana. Wanda ya fi wannan muni shi ne cututtukan da ke bin numfashi, irin su tarin fuka da ƙyanda. Duk bazara jami'an lafiya suna jan kunnenmu game da sanƙarau da kwana a cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa. A shekarar 2021, ana tsakiyar annobar korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa shigar da aƙalla lita 10 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa saboda kowane mutum ɗaya a wuraren taruwar jama'a. Turai da Amurka sun riga mu faɗawa cikin wannan rami. Bayan tsadar man fetur ta 1973 sun toshe gine-ginensu don tattalin makamashi, ma'aikata suka dinga kukan ciwon kai da ƙaiƙayin ido, har dole ta sa suka koma suka ƙara yawan iskar da ƙa'ida ta ce a shigar.

To me ya hana masu gine-gine su shigo da iskar kawai? Kuɗi. A watan Afrilu zafin Kano yana kaiwa maki 40, alhali ana so cikin ofis ya tsaya a 24. Ɗakin mutum ɗari biyu yana bukatar lita 2,000 a kowace daƙiƙa. Sauko da zafin wannan iska kaɗai, ba a ma zo maganar danshi ba, aikin esi kusan goma sha ɗaya ne masu ƙarfin doki ɗaya da rabi, ban da waɗanda tun farko suke fama da zafin bango da fitilu da jikin mutane. Kuma duk litar da ta shigo, wata lita mai sanyi da aka riga aka biya kuɗinta ce za ta fice. Tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat a awa cikin Afrilun 2024, ko da yake an ɗan rage daga baya, ga kuma farashin dizal, ba mu ga laifin manajan da ke bin ma'aikata yana cewa a rufe ƙofa kada sanyi ya gudu ba.

A wannan gaɓa ce na'urar da muke magana a kanta, wadda injiniyoyi ke kira ERV, take da amfani. Akwati ne babba na ƙarfe da ake girkewa a saman dakin, wato rufin kankare na bene, da fanka biyu: ɗaya tana jawo iskar waje, ɗaya tana fitar da tsohuwar iskar ciki. Hanyoyin biyu suna gittawa a tsakiyar akwatin ba tare da sun gauraya ba. A wani samfurin, gittawar ta cikin jerin faifai ne na wata irin takarda ko leda, iska mai shiga a gefe guda, mai fita a ɗaya gefen. Kamfanin Mitsubishi na Japan ya fara fitar da irin wannan mai suna Lossnay tun 1970. A manyan na'urori kuwa, wani faffaɗan wili ne mai dubban ƙananan ramuka, an shafe shi da sinadarin da ke tsotse danshi, yana juyawa a hankali, rabinsa cikin iskar da ke fita, rabinsa cikin mai shigowa. Ɓangaren da ya sha sanyin iskar ciki sai ya zagayo ya miƙa wa iskar waje, ya kwashi zafinta ya kai wa mai fita. Nagartacciyar na'ura tana ceto kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin iskokin biyu. Idan aka ɗauki kashi 70, iskar maki 40 za ta isa gaban esi tana wajen maki 29. A lissafin ɗakin can na mutum ɗari biyu, an sauke nauyin esi bakwai zuwa takwas ke nan.

Ribar tana sauyawa da lokacin shekara. Da damina, musamman a Agusta, danshin iskar waje ne yake wahalar da esi fiye da zafinta, kuma wilin yana kwashe kaso mai yawa na danshin ya mayar waje tun bai shiga ba. Wannan ne ya sa a Legas da Fatakwal na'urar take biyan kanta da sauri fiye da nan. Da hunturu kuwa, lokacin da leɓe ke tsagewa, tana riƙe ɗan danshin da ke cikin gini kada ya tsere duka. A daren Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin Kano kan sauka ƙasa da maki 15, hikima ita ce a tsayar da wilin a bar iskar waje ta shigo kai tsaye, ta sanyaya ginin kyauta. Na'urar da ba ta da wannan hanyar kewaye, a ganinmu, bai kamata a sayo ta domin Arewa ba.

Masu adawa da ita suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Daga waje ake shigo da ita, da dala, haka ma kayan gyaranta. Yawancin gine-ginenmu ba su da bututun rarraba iska a cikin silin, esin bango ne a kowane ɗaki, don haka girka ta a tsohon gini yana nufin fasa silin da huda dakin, aikin da kan iya fin kuɗin na'urar kanta. Fankokinta ma suna cin wuta, domin tura iska ta cikin matatai da ramukan wili ba a banza yake ba, kuma a ginin da mutane ba su da yawa ko ba a daɗe ana aiki a ciki, abin da fankokin suka ci na iya cinye ribar. Akwai kuma masu cewa, da gaskiyarsu, kakanninmu sun zauna cikin wannan zafin da katanga mai kauri da soro mai tsawo da tsakar gida a buɗe, kuma ginin da aka tsara shi da inuwa da tagogi masu fuskantar juna ba ya bukatar injin da zai yi masa numfashi. Muna tare da su a kan makarantu da ƙananan shaguna da ɗakunan shan magani na unguwa. Taga da fanka sun wadatar a can, kuma duk ɗan kwangilar da ya cusa wa irin waɗannan wurare wannan na'ura, aljihunsa yake yi wa aiki.

Sai dai hujjar da ta fi damun mu ita ce ta girkawa da kulawa, don a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Babbar na'ura tana iya kai nauyin tan guda ko fiye, saboda haka kafin a kira motar ɗaga kaya sai injiniyan gini ya tabbatar dakin zai ɗauka. Dole ta zauna a kan dakali mai tsayi, a daidaice, a liƙe duk inda bututu ya huda rufin, in ba haka ba ruwan farko na damina zai sauka a kan teburin manaja. Bakin da ke jawo iska kuwa, a nan aka fi yin ganganci. Saman benayenmu cike yake da bututun hayaƙin janareta, da na kicin, da na warin masai. Idan bakin ya fuskanci ɗaya daga cikinsu, ko ya yi kusa da inda na'urar kanta ke fitar da tsohuwar iska, an sayi injin da zai riƙa rarraba guba ɗaki-ɗaki. Bututun da ke kwance cikin rana sai an naɗe shi da abin hana zafi, in ba haka ba sanyin da aka ceto zai ƙare a hanya. Bayan an gama, sai an auna iskar da ke shiga da mai fita an daidaita su, mai shiga ta ɗan fi yawa, don kada ginin ya riƙa zuƙo ƙura ta ƙarƙashin ƙofofi. Ga wutarmu mai hawa da sauka, wadda ke ƙona mota da allon sarrafawa idan ba a sa musu kariya ba. Akwai kuma iskar da ba a yarda ta bi ta wili ba sam: hayaƙin kicin mai maiƙo, da iskar ɗakin killace masu cuta mai yaɗuwa, domin wili yakan ɗan dawo da kaɗan daga iskar da ke fita zuwa cikin mai shiga. Asibitin da zai sayi wannan na'ura ya kamata ya ji wannan daga bakin injiniyansa tun kafin a rubuta takardar farashi.

Sannan ƙura. Littattafan da ke zuwa da na'urorin sukan ce a duba matatar iska bayan 'yan watanni, amma waɗanda suka rubuta su ba su san hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ya lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa Maris ba. Wannan ƙura laushinta ya kai ta ratsa matata mai arha kamar babu ita. Ana bukatar matata hawa biyu, ta gaba mai tare manyan ɓurɓushi wadda ake iya wankewa, da ta baya mai tare ƙananan. A hunturu a duba su duk mako, kuma a sa ɗan agogon da ke nuna lokacin da suka toshe, a daina dogara da kalanda. Matata ta toshe, fanka ta yi ta nishi tana cin wuta, iska ba ta shiga. Abin da mai gyara ya saba yi a irin wannan hali, wato ya zare matatar ya ajiye "kafin a kawo sabuwa", shi ne ajalin wilin, domin ƙura za ta cika ramukansa. Bel ɗin da ke juya wilin yana iya tsinkewa ba wanda ya sani, tun da fankoki suna ci gaba da ƙara, iska tana ci gaba da shiga, sai dai da zafinta, kuɗin wuta ya hau, a yi ta zagin esi. Boris da robar gefen wili da magudanar ruwa duk suna son ido. Wannan kuwa sai da matakala mai kyau zuwa saman bene da fili a gefen na'urar da mutum zai tsuguna ya zaro matata, abin da masu zane kan manta. Sayen na'urar tamkar sayen doki ne, kuɗin harawa ne yake bayyana wanda ya isa ya riƙe shi.

Ra'ayinmu shi ne, duk babban ginin kasuwanci da aka rufe shi ruf aka dogara da iyakwandishan, yake tara jama'a da yawa na tsawon awanni, wajibi ne a shigar masa da sabuwar iska, kuma a yanayinmu wannan na'ura ce hanya mafi sauƙin kuɗi ta yin hakan idan aka duba shekarun da za ta yi tana aiki. Amma muna goyon bayanta ne a sabon gini da aka sa ta cikin zane tun farko, inda za a rage girman esin da za a saya daidai da nauyin da ta sauke. A tsohon gini, a fara da aunawa: na'urar auna iskar kabon ba ta da tsada, a ajiye ta mako guda a ɗakin da ya fi cika, abin da ta nuna shi zai ce ana bukatar babbar na'ura a sama, ko ƙanana a cikin silin, ko kuwa buɗe taga kawai.

Hukumomi ma suna da nasu. Kundin ƙa'idojin tattalin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2017 ya taɓo girman tagogi da inuwa da rufi da fitilu da ingancin esi, amma amincewa da zanen gini yana hannun hukumomi irin su KNUPDA a Kano da sashen kula da gine-gine na Abuja. Muna kira gare su da kada su buga hatimi a zanen otal ko ɗakin taro ko babban kanti sai ya nuna ta inda iska za ta shiga, da yawanta, da sa hannun injiniya mai rajista da COREN. Kwalejojin kimiyya da fasaha da asusun horar da ma'aikata na ITF su ƙara wannan fanni cikin abin da ake koya wa masu gyaran firji da esi, don su ne za su hau saman benen. Mai gini kuma kada ya biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai ya karɓi takardar awon iska, da matatai na shekara guda a sito, da bel na ajiya, da yarjejeniyar kulawa a rubuce wadda ta faɗi sau nawa za a hau a duba tsakanin Nuwamba da Maris. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan ba, muna ba shi shawara ya sa wa gininsa tagogi masu buɗuwa tun yana kan takarda.