A Buɗe Rumbun Ilimin Duwatsu Ga Kowa

Jama'a, mu mazauna Agege da Sabon Ibadan mun san ɗan kamfas ɗin nan da matafiyi ke neman alƙibla da shi. Allurarsa tana bin maganaɗisun da ke cikin ƙasa ne. To, dutse ma yana riƙe da labarin wannan maganaɗisu, domin idan narkakken dutse ya huce, ƙwayoyin ƙarfen cikinsa sukan daskare suna fuskantar inda arewa take a zamanin, su zauna haka shekaru miliyoyi.

A 1906 wani Bafaranshe, Bernard Brunhes, ya sami dutsen da maganaɗisunsa ke a juye. Daga baya masana suka tabbatar cewa arewa da kudu na maganaɗisu sun sha musanya wuri, na ƙarshe kuwa kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Irin wannan awo ya taimaka wajen tabbatar da cewa Afirka da Kudancin Amurka a da a haɗe suke, kuma wajen rabuwarsu ne aka sami kwarin Binuwai.

Amma fa awon yana cin kuɗi, ga haƙa dutse, ga injuna masu tsada. Saboda haka masana suka kafa rumbuna a intanet, irin su MagIC da ke Amurka, inda mai bincike zai zuba sakamakonsa, kowa ya ɗiba kyauta. Watau ɗalibin da jami'arsa ba ta da injin zai iya aiki da awon da wani ya yi.

Wasu malamai sukan ce ai wani ne zai ci guminsu. Wannan ba hujja ba ce, gama sunan mai awo yana tare da awonsa a rumbu. Wanda ya kulle aikinsa a durowa, gara ce magajiyarsa.

Shawararmu ita ce jami'o'in Zariya da Jos da Ibadan su wajabta wa duk wanda ya auna dutse da kuɗin gwamnati ya zuba sakamakon a rumbu. Baƙon da ya ɗebi duwatsun Filato ko na Biyu, shi ma a gindaya masa wannan sharaɗi. Harajinmu ne ke ɗaukar nauyin jami'o'in nan, 'ya'yanmu ne kuma ke karatu a cikinsu. Bai kamata su roƙi labarin dutsen garinsu a hannun wani ba.

Allah Ya sa masu iko su ji.