Kada Ka Sa Sulken da Ba Ka Gwada Ba



A 'yan shekarun nan da yawa daga cikinmu sun rungumi aikin kwamfuta. Wasu sun shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wasu kuma suna koyo a YouTube da ɗan datar da suka samu da kyar. Wannan abin godiya ne. Amma bayan koyo sai neman aiki, kuma a nan ne wata shawara take yawo a tsakaninmu: "Kai dai rubuta ka iya, in an ɗauke ka sai ka koya." Shawarar nan ba ta dace da mai bi ba, ko a lissafin duniya ma ba ta da riba. Zan nuna haka da tambaya guda da ake yawan yi wa mai neman aikin kula da rumbun bayanai: me ke sa fihirisa ta warwatse, kuma me za ka yi a kai?

Bari mu fara da ma'anar tambayar, domin waɗanda ba wannan ne fanninsu ba. Rumbun bayanai shi ne inda banki ko asibiti ko makaranta suke ajiye bayanan mutane a kwamfuta. Fihirisa kuwa kamar jerin nan ne na littafin waƙoƙinmu, wanda ke kai ka ga lambar waƙa ba tare da ka buɗe kowane shafi ba.

A ce sakataren ikkilisiya yana rubuta sunayen membobi bisa jerin baƙaƙe, shafin da Bitrus da Bulus suke ya cika maƙil. Sai ga Briskila ta zo, sunanta kuma a tsakanin nasu ya kamata ya shiga. Babu wuri. Dole sakatare ya kwashe rabin sunayen ya kai su sabon shafi a ƙarshen littafin, ya bar alama cewa ci gaban yana can. Abu biyu sun faru. Shafuka ba sa bin juna kuma, mai karatu sai ya yi ta tsalle gaba da baya. Sa'an nan shafi ɗaya cikakke ya zama shafi biyu, kowanne rabinsa fanko.

Haka yake faruwa a manhajar SQL Server ta kamfanin Microsoft. Tana ajiye bayanai a shafuka, kowane shafi kilobait 8. In sabon bayani ya zo tsakiyar shafin da ya cika, shafin yakan tsage biyu, kimanin rabin abin da ke ciki ya koma sabon shafi. Tsagewar nan takan yi yawa in lambar da ake jera bayanan da ita ba ta bin tsari, yau ta faɗo gaba, gobe tsakiya. Magani iri biyu ne. Ana iya sake jera shafukan a hankali yayin da mutane ke ci gaba da aiki, ko a sake gina fihirisar gaba ɗaya. Akwai kuma rigakafi: a bar ɗan fili a kowane shafi tun farko, kamar a cika kashi 90 cikin 100 kawai, domin masu zuwa daga baya.

Akwai amsar da kusan kowane mai shirin intabiyu ya haddace: in warwatsewar ta kai kashi 5 zuwa 30, a sake jerawa, in ta wuce 30, a sake ginawa. Mutum zai iya haddace wannan cikin minti ɗaya a cikin keke napep, yana kan hanyar zuwa. Ba laifi ba ne a san ta. Laifin shi ne a faɗe ta da muryar wanda ya shekara uku yana aikin, alhali bai taɓa auna fihirisa ko ɗaya ba.

Wanda ya san aikin ba zai tsaya a amsar farko ba. Zai tambaya, daga ina waɗannan lambobi suka fito? Paul Randal, wanda ya yi shekaru yana aiki a kan SQL Server a Microsoft, ya bayyana a fili cewa shi ne ya zaɓe su, domin masu amfani da manhajar su sami inda za su fara, ba domin su zama doka ba. Zai tambaya, in fihirisar ƙarama ce fa? Tsohuwar shawarar ita ce kada a damu da wadda ba ta kai shafi 1,000 ba, wato kimanin megabait 8, ko da an ga kashi 90. Zai tambaya, ka sake ginawa, aiki ya yi sauri, ka tabbata warwatsewar ce ciwon? Sau da yawa ba ita ba ce. Sake ginawa yakan sabunta ƙididdigar da manhajar ke dubawa kafin ta zaɓi hanyar nemo bayani, kuma sabunta ƙididdigar kaɗai, wanda ya fi arha nesa, zai iya ba da saurin nan. Zai kuma tambaya game da faifan ajiya na zamani marasa juyawa, inda tsalle daga shafi zuwa shafi ba ya cin lokaci kamar da, amma shafuka rabi fanko suna nan suna cinye wuri. Bayanin da gigabait 1 zai ishe shi sai ya ci 2.

A tambaya ta biyu ko ta uku, mai haddar baki yakan fara gumi. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin takaicin shi ne, daga wannan lokaci mai tambaya ba zai ƙara yarda da sauran abin da ke cikin takardarka ba, har da waɗanda ka iya da gaske.

Amma a ganina wanda aka kama a ɗakin intabiyu ya yi sa'a. Wanda ya shiga uku shi ne wanda ƙaryarsa ta wuce, aka ba shi aikin. Wata safiya manhaja ta yi nauyi, oga ya ce, "Ai kai ne gwaninmu." Sai ya tuna da kashi 30, ya ba da umarnin sake gina babbar fihirisa da ƙarfe goma na safe. Bai san cewa a nau'in SQL Server mai suna Standard, sake ginawa yakan kulle teburin bayanan har sai an gama ba. Bai san aikin yakan kumbura kundin da manhajar ke rubuta kowane canji a ciki, har faifai ya iya cika ba. In asibiti ne, ga marasa lafiya a layi ba a iya buɗe katinsu. In banki ne, ga wata gwauruwa a gaban kanta tana jiran kuɗin makarantar ɗanta. Waɗannan mutane ba su halarci intabiyun ba, amma su ne suke biyan bashin ƙaryar da aka yi a ciki. Ƙaunar maƙwabci ta shafi abin da ka rubuta a takardar neman aikinka.

Ku tuna da Dawuda a 1 Sama'ila sura 17. Kafin ya fuskanci Goliyat, sai da ya tsaya gaban Sarki Saul, kuma in mun lura, zaman nan ya yi kama da intabiyu. Saul ya raina shekarunsa. Dawuda bai ƙirƙiro wa kansa tarihin soja ba. Ya faɗi abin da hannunsa ya taɓa yi, yadda ya ƙwace tumakin mahaifinsa daga bakin zaki da na wani naman jeji, ya kuma ba Ubangiji girman. Da aka sa masa sulken sarki, ya gwada tafiya ya kasa, sai ya faɗi gaskiya cewa bai saba da shi ba, ya tuɓe. Da ya ji kunya ya fita da kayan nan domin a gan shi kamar jarumi, da labarin ya ƙare dabam. Ya tafi da majajjawarsa, abin da ya ƙware a kai.

Ku tuna kuma da Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5. Bitrus ya nuna wa Hananiya cewa filin nasu ne, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu su kawo duka. Zunubinsu shi ne sun kawo sashi suka ce duka ne. Wanda ya kalli bidiyo biyu ya rubuta "ƙwararre" ya yi irin wannan. Haka ma wanda yake intabiyu ta intanet yana karanta amsa daga ChatGPT a ɓoye, yana furta ta kamar daga kansa ta fito. Karin Magana sura 11 ta buɗe da gargaɗi a kan ma'aunin algus, kuma mutum zai iya yin algus wajen auna kansa.

Na san abin da wani zai ce. "Ɗan'uwa, ba ka san wahalar neman aiki ba ne? Kamfanoni suna neman gogewar shekara biyar a aikin farawa, kowa kuma yana ƙara gishiri. In na faɗi gaskiya, maƙaryaci za a ɗauka." Wannan kuka ne na gaske, ba kuwa zan yi muku alkawarin da Littafi Mai Tsarki bai yi ba. Zai yiwu gaskiya ta sa ka rasa wani aiki. Yusufu ya yi abin da ke daidai a gidan Fotifar, kurkuku ya fara samu kafin fada. Abin da zan iya cewa shi ne, aikin da aka samu da ƙarya kullum sai an ciyar da shi da wata ƙaryar, mai shi kuma ba ya barci da kyau. Fannin nan kuma ba shi da faɗi kamar yadda muke zato. Masu ɗaukar ma'aikata suna tambayar juna.

Sai dai kada mu faɗa ɗaya ramin. Faɗin gaskiya ba raina kai ba ne. Wasu 'yan'uwa, musamman 'yan'uwanmu mata, sukan iya abu sarai amma su yi shiru da sunan tawali'u. Wanda ya binne talantinsa bai sami yabo ba. In ka iya, ka ce ka iya, ka kawo misali.

Shawarata ita ce ka raba iliminka kashi uku, ka kuma kira kowanne da sunansa: abin da ka yi a wurin aiki na gaske, abin da ka karanta ka gwada a kwamfutarka, da abin da ba ka sani ba tukuna. Ga yadda amsa mai gaskiya za ta kasance: "Ranka ya daɗe, ban taɓa kula da rumbun da jama'a ke amfani da shi ba. Amma na gwada a kwamfutata, na ga yadda shafuka ke tsagewa. Kafin in taɓa komai zan auna girman fihirisar da cikar shafukanta, in duba ko ƙididdigar ce ta tsufa, in kuma tambayi na gaba da ni lokacin da aiki ya fi sauƙi." Mai wannan amsa ya nuna ya san haɗarin aikin, ya kuma san iyakarsa. Irinsa ne ake iya ba mabuɗin rumbu a kwanta da kwanciyar rai.

Kuma ba sai ka tsaya a "ban sani ba" ba. Nau'in SQL Server mai suna Developer kyauta ne domin koyo da gwaji, PostgreSQL ma kyauta ce. Ka ƙirƙiri tebur, ka zuba masa layi 100,000 da lambobi marasa tsari, ka auna, ka gyara, ka sake aunawa, ka rubuta abin da ka gani. Asabar ɗaya ta isa. Waɗanda suka riga mu a fannin nan cikin zumuntarmu, ku ware yamma ɗaya a wata ku yi wa ƙannenku intabiyun gwaji, ku matsa musu da tambaya ta biyu da ta uku. Gara su yi gumi a ɗakin taro na ikkilisiya da su yi shi a gaban baƙi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka san masu neman aiki a cikinmu, ka san kuma tsawon jiran da suka yi. Ka ba mu ƙwazon koyo, da ƙarfin halin faɗin abin da muka iya da abin da ba mu iya ba. Ka buɗe mana ƙofar da ba za mu ji kunyar shiga ba. Cikin sunan Yesu, Amin.