Mai Kiwo Ke Yanke Kuɗi

Yau labarin wata mace na kawo muku daga ƙasar Amurka, sunanta Effa Manley.

A zamaninta Turawan can ba su yarda baƙar fata ya shiga manyan ƙungiyoyinsu na ƙwallon sanda, watau wasan da suke kira besbol. Don haka baƙaƙe suka kafa nasu. Ita da mijinta Abe ke da guda, Newark Eagles, tun 1936. Maigida na yawon neman samari gwanaye, amma littafin kuɗi yana hannun uwargida. Ita ke biyan albashi, ita ke shirya tafiye-tafiye, ita ke ajiye takardar yarjejeniyar kowane yaro. A 1946 ƙungiyarta ta cinye ta Kansas City, ta zama zakarar ƙungiyoyin baƙaƙe duka.

A 1947 sai ƙofa ta buɗe, baƙar fata na fari, Jackie Robinson, ya shiga ƙungiyar Turawa ta Brooklyn. Aka yi murna. Amma fa wannan ƙungiya ɗibar yara take yi, ba ta ba iyayen gidansu ko anini. Haka ta ɗauke wa Effa yaronta Don Newcombe. Matar nan kuwa ba ta yi shiru ba, ta yi ta faɗa har a jaridu. Da mai ƙungiyar Cleveland ya zo neman Larry Doby a shekarar, sai da ya biya, kuɗin suka kai dala 15,000.

Gwanaye suka ƙaura, 'yan kallo suka bi su, tilas ta sayar da ƙungiyar a 1948. Ta rasu a 1981. A 2006 aka sa sunanta a gidan tunawa da gwanayen wasan, ita ce mace ta fari.

To, ke mai gumin shinkafa, ke mai bandar kifi, ke mai kiwon awaki, wannan magana taki ce. In dillali ya zo ɗaukar kayanki zuwa kasuwar Gujungu, kada kunya ta rufe miki baki. Ki yanke kuɗi tun a ƙofar gida, a rubuta, a sa shaidu. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe darasin lissafi da kyau, ku ne za ku rubuta wa iyayenku. Rashin sani ya fi dare duhu.

Allah ya sa wa nema albarka. Sai mako mai zuwa.