Teɓa Da Hawan Jini Ba Su San Mai Ƙanjamau Da Marar Ita Ba

Daga Wakilinmu

Sunan da Bahaushe ya laƙaba wa wannan cuta tun farkon ɓullarta ya isa ya nuna abin da idonsa ya gani. Ya ga mutum yana ramewa, yana ƙanjamewa har ya koma ƙashi da rai, sai ya ce ƙanjamau. An fara ba da labarinta a Amurka cikin 1981, aka ba da sanarwar samunta a Nijeriya cikin 1986, kuma shekaru da dama bayan haka duk wanda aka ce yana ɗauke da ƙwayar HIV sai dangi su fara yanke ƙauna. Amma daga 1996, lokacin da likitoci suka gano amfanin haɗa wa majiyyaci magunguna uku, al'amarin ya canja. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba da maganin a 2002, ta mayar da shi kyauta a 2006. Babban binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ƙwayar sun kai kimanin miliyan 1.9, kuma da yawansu suna nan suna shan magani, suna nomansu da kasuwancinsu, suna aurar da 'ya'ya, suna furfura.

To, wanda Allah ya ja wa kwana har ya yi furfura ya shiga sahun masu cututtukan manyanta. A nan ne nake ganin asibitocinmu ba su farga ba tukuna.

Akwai wani taron alamu da likitoci ke kira metabolik sindirom, wanda wani likitan Amurka, Gerald Reaven, ya jawo hankalin duniya gare shi a 1988. Alamun guda biyar ne, kuma bisa ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitoci suka daidaita a kai a 2009, wanda ya haɗa uku daga ciki ya shiga. Akwai teɓa, wato faɗin ƙugu da ya kai santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace, gwargwadon awon da ake amfani da shi ga mutanen Afirka. Akwai awon jini da ya kai 130 bisa 85. Akwai sukarin jini da ya kai 100 in an auna shi da safe kafin karin kumallo. Sauran biyun kuwa na maiƙon jini ne: yawan wani irin maiƙo mai cutarwa, da ƙarancin irin kolestarol ɗin da ke share hanyoyin jini. Mai karatu zai lura cewa waɗannan awo ba su kai matsayin da za a ce mutum yana da ciwon sukari ko hawan jini mai tsanani ba, shi ya sa mai su ke yawonsa lafiya lau ba ya jin komai. Amma in suka taru a jiki ɗaya, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki yakan ninka kusan sau biyu, na ciwon sukari kuwa kusan sau biyar.

Tushen abin shi ne kitsen ciki. Shi wannan kitse da ke lulluɓe hanji ba ya zama shiru kamar kitsen cinya, kullum yana tsiyayar da maiƙo zuwa hanta. Sannu a hankali sai jiki ya daina jin maganar sinadarin insulin, wanda aikinsa ne ya shigar da sukari inda za a ƙona shi. Sukari ya taru cikin jini, jijiyoyi su yi tauri, maiƙo ya riƙa daskarewa a bangonsu kamar yadda yashi da shara ke cike kwata. Ranar da hanya ta toshe, in ta zuciya ce a ce bugun zuciya, in ta ƙwaƙwalwa ce a ce ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu tasowa ne.

Wannan duka ya shafi kowa. Sai dai mai ƙwayar HIV yana da ƙarin kaya a kansa. Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa, ya nuna haɗarin ciwon zuciya gare shi ya ninka na marar ƙwayar kusan sau biyu. Dalili na farko ita kanta ƙwayar ce: ko da magani ya danne ta har ba a ganinta a awo, garkuwar jiki ba ta ajiye makamai gaba ɗaya, kuma wannan zaman ɗarɗar yana jawo wani kumburi na ɓoye a bangon jijiyoyi. Dalili na biyu magunguna ne. Tsofaffin, irin su stavudine, sukan zuke kitsen fuska da na gaɓoɓi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a janye shi tun 2009. Na yanzu, dolutegravir, wanda hukumar ta fifita a 2019, ya fi su ƙarfi da sauƙin sha nesa ba kusa ba, amma gwaje-gwajen da aka yi a Johannesburg da Yawunde sun nuna masu shansa sukan ƙara nauyi. In aka haɗa da shan taba, sai wuta ta sami ƙiraren.

Kada wani ya karanta wannan ya ce zai ajiye maganinsa. An riga an gwada haka. A 2006 sai da aka tsayar da wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa tun bai kai ƙarshe ba, domin waɗanda aka sa suna hutawa da shan magani sun fi saurin mutuwa da kamuwa da munanan cututtuka, har da na zuciya, bisa waɗanda suka ci gaba da sha ba fashi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda al'adarmu ta ɗauki ƙiba. A wurinmu tumbi shaidar wadata ce, amarya kuwa in ba ta yi jiki ba bayan wata uku sai a fara tambayar ko mijin ba ya ciyar da ita, har wasu mata na sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke ta da sukari da hawan jini. To, ina ga wanda cutarsa sunanta ma rama ne? Kowane kilo da ya ƙara mayafi ne da ke rufa masa asiri daga bakin maƙwabta. Shi yana murna, iyalinsa na murna, malamin asibiti ma yana rubutawa a kati cewa majiyyaci yana samun sauƙi. Gaskiya ne ƙarin nauyin farko alamar dawowar lafiya ce, ba mai musun haka. Amma wajibi ne wani ya san inda murmurewa ta ƙare teɓa ta fara, kuma ba za a sani ba sai an ɗauko tef an auna.

Duk da haka, in aka duba da kyau, marar ƙwayar ya fi zama abin tausayi ta wani gefen. Mai shan maganin HIV yana da kati da lamba, yana da ranar zuwa asibiti, in ya yi fashi a kira shi ko a bi sawunsa, maganinsa kuma kyauta ne. Ɗan'uwansa ciki ɗaya, mai shekara 50, wanda ke yini zaune a shago, yana shan shayi mai sukari cokali huɗu da lemon kwalba, miyarsa cike da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ba ya zuwa masallacin unguwa ma sai a kan babur, shi ba wanda ya taɓa ɗaura masa abin awon jini. Kusan 3 cikin 10 na manyan ƙasar nan suna da hawan jini, kuma akasarinsu ba su sani ba. Ranar da ya faɗi a banɗaki sai a ce iska ce ta buge shi, ko a fara zargin kishiya.

Ashe ke nan muna da rukuni biyu: ɗaya ana ganinsa a kai a kai amma ƙwayar cuta kawai ake ƙirga masa, ɗayan kuwa ba a ganinsa sam. Shawarata ga ma'aikatun lafiya na jihohi ita ce a haɗa su a ɗaki ɗaya. Wannan ba mafarki ba ne. A Tanzaniya da Uganda an gwada a asibitoci 32, inda masu HIV da masu ciwon sukari da masu hawan jini suke bin layi ɗaya, su ga ma'aikata ɗaya, su karɓi magani a taga ɗaya. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna majiyyata sun ci gaba da zuwa, kuma danne ƙwayar HIV bai ja baya ba. Akwai ma wata riba da ba a rubuta ta a kati: in layin na kowa da kowa ne, ba mai nuna wani da yatsa don an gan shi a bakin wata ƙofa. A nan gida, shirin yaƙi da hawan jini da aka fara a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun a 2020 ya riga ya share fage. Dakatar da taimakon waje da Amurka ta yi a farkon 2025 kuma ya tuna mana cewa gina wa kowace cuta ɗakinta da ma'aikatanta da kuɗin wasu ba abin dogaro ba ne.

Batun magani ma ya kamata likitocinmu su duba. A 2023 an fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa masu HIV 7,769 'yan shekara 40 zuwa 75 a ƙasashe 12, inda ƙwaya ɗaya a rana ta maganin rage kolestarol mai suna pitavastatin ta rage aukuwar manyan cututtukan zuciya da kashi 35 cikin ɗari. Ko za a iya samar da irinsa ga kowa magana ce ta kasafin kuɗi, kuma na san aljihun jihohi ba ɗaya ba ne.

Amma tef ɗin tela da na'urar awon jini ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba, kuma auna mutum ba ya cin minti biyar. A buga sabon kati mai gurbin faɗin ƙugu da awon jini da sukari, a wajabta cike shi ga duk wanda ya haura shekara 40, ko me ya kawo shi asibiti. Shi kuma magidanci, mai ƙwaya ne ko marar ita, ya rage gishirinsa zuwa ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya a yini, ya taka da ƙafa na rabin awa kwana biyar a mako, in ya je asibiti kuma aka manta ba a auna shi ba, ya buɗe baki ya tambaya.