Ƙarin Kuɗin Data: Ɗan Ƙwadago Ne Zai Biya

Hukumar sadarwa ta NCC ta ce rangwame ta yi wa 'yan ƙasa: kamfanonin waya sun nemi ƙarin kashi 100, ita ta ba su 50. Wato godiya ake jira. Wannan jarida ba ta ga abin godiya ba. A janye ƙarin.

Masu sa hannu a Abuja sun ɗauki data kayan hira. A Bauchi jari ce. Mai shakka ya leƙa shagunan caji na Wunti ko Gwallameji: janareto na ruri, wayoyi jere a kan katako, kowace da lamba manne a bayanta, masu su na kan benci suna jiran batir ya cika su koma bakin aiki. Akwai mai POS, akwai yaron da yayarsa ta aiko da wayar da take tallan atamfa a WhatsApp, akwai wanda ya gama jami'ar ATBU yana tantance hotuna da rubuce-rubuce don horar da kwamfutocin wani kamfani da bai taɓa ganin ofishinsa ba.

Aikin ba takardar ɗauka, ba hutu, ba fansho, ba inda za a kai kuka. A 2023 mujallar TIME ta fallasa cewa 'yan Kenya da suka tace ƙazantar rubutu don gyara ChatGPT ba su samun ko dala 2 a awa. A Maris 2024 dandalin Remotasks ya rufe wa 'yan Najeriya ƙofa dare ɗaya, kuma ba mu ji tarin Ma'aikatar Ƙwadago ba. Waɗanda ko wannan bai kai gare su ba su ne suka yi watanni suna dannan wasan Hamster Kombat don neman kuɗi, har Satumban 2024 ta zo, da yawansu suka tashi da abin da bai mayar musu da kuɗin data ba. An yi ta musu dariya. Ba a tambayi abin da ya sa mai digiri ke dannan fuskar waya har asuba ba.

Riba tana Kalifoniya. Kuɗin data, kuɗin caji da ciwon ido suna nan Yelwa. Shi kuwa mai sola da Starlink a GRA, ƙarin ko a jikinsa.

Kamfanonin waya sun ce farashi bai motsa ba tun 2013, ga tsadar dizal, ga faɗuwar naira. Ba ƙarya suka yi ba, amma tsadar nan ba ta tsallake gidan mai albashin naira 70,000 ba, balle wanda ba shi da albashin. Kuma a Oktoban 2024, da Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, ba wanda ya rage wa kowa ko kwabo.

Minista Bosun Tijani ya yi alkawarin horar da matasa miliyan 3 a shirin 3MTT. To da wace datar za su yi karatun? Mutanen Bauchi sun saba da irin wannan biki. Sun ga yadda masana'antar Steyr ta ƙare, sun ga gangar da aka kaɗa a Kolmani a Nuwamba 2022, har yau suna jiran man.

Muna kira ga sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai na jihar nan su daina zuba ido. Su matsa a janye ƙarin, sannan su gabatar da ƙudurin dokar da za ta hana kamfanin waje sallamar ɗan ƙwadagon intanet ba sanarwa, ba biyan haƙƙinsa.