Likitan da yaron bai taɓa gani ba

Idan muƙamuƙin yaro ɗan shekara bakwai ya kumbura, haƙoransa suka fara girgiɗi, wanda zai faɗi sunan ciwon yana can ɗakin gwaje-gwaje, uwar yaron ma ba ta san da shi ba. An yanko masa tsoka siririya fiye da ɓawon albasa, an rina ta, likitan ya duƙufa a kan madubin likita. Da ya ga ƙwayoyin sun cunkushe, da fararen ɗigo-ɗigo kamar taurari a daren rani, ya fara zargin sankarar Burkitt. Denis Burkitt ne ya bayyana ta a Uganda a 1958, kuma daga tsokar da yake aikawa Landan aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964. Sankarar tana bin inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har garuruwanmu. Cikin kwanaki take girma, amma tana jin magani in an gane ta da wuri. Shi ya sa raina ke ɓaci idan ɗalibin likitanci mai hazaƙa ya ce fannin wannan likita ba shi da kwarjini. Gwamnoninmu su ɗauki nauyin horar da irin wannan likita, su sayi sinadaran rini, kada sakamakon yaro ya yi wata guda bai fito ba.