Gareji Ya Zama Sito? To, Gyara Shi Kafin Ruwa Ya Sauka

 

Yau maganar gareji za mu yi, wato ɗakin motar nan da ke jikin gidajen haya. Kowa ya san halinmu. Da zarar mutum ya kama gida a Nima ko Aboabo, ko New Bell ta Duwala, ko Zangon Kwatano, ya ga akwai gareji, mota ta ga ta kanta a waje. Dilolin atamfa da shadda su shiga, katan-katan na takalma su bi, buhunan wake da gyaɗa su samu lungu. A sa kwaɗo biyu, a ce an samu sito. Wani rabin jarinsa na kwance a wannan ɗaki, wani ma har da kayan amana na mutane. Amma ka tambaye shi yaushe rabon da ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufin, sai ya yi shiru.

Abin da muke mantawa shi ne, don mota aka gina ɗakin. Mota ba ruwanta da laima. Shi ya sa ake yin daɓen gareji kusan daidai da titi, babu dokin ƙofa, don taya ta shiga ba tangarɗa. Hanyar da taya ke bi kuwa, ita ruwa ke bi. Sau da yawa babu taga, babu silin, ƙasan ƙyauren kuma da sarari har ɓera ya wuce bai sunkuya ba.

Sannan mu mutanen busasshiyar ƙasa ne. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ya saba da damina ɗaya, ta wuce, hunturu ya zo ya busar da komai. Bakin teku ba haka yake ba. Akara da Lome da Kwatano damina biyu suke yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Duwala kuwa ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 3,500, alhali na Kano yawanci bai cika kai 1,000 ba. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, iskar kanta a jiƙe take. Fata ta yi fumfuna, zane ya ɗauki wari, katan ya yi laushi ya fashe, ƙarfe ya yi tsatsa. Gyaɗa da masara in suka yi fumfuna, ba kuɗi kawai aka rasa ba, cin su na cutar da hanta, kuma yaranmu da yaran mutane ne za su ci.

Maganin mafi yawan wannan yana hannunka, in dai akwai kayan aiki a gida. Ba ina cewa ka buɗe shagon kafinta ba. Guduma, zarto, filaya, sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, sifana mai buɗewa da tsukewa, tef na awo mai mita 5, cokalin magini, testa da salatif na wuta, tocila, da tsani mai ƙwari. In da hali ka ƙara da injin huda bango. Kuɗinsu duka sau da yawa bai kai asarar dila ɗaya da ruwa ya taɓa ba. Wanda ke Kumasi ya san Suame Magazine wajen kayan ƙarfe, da Sokoban wajen katako. Na Akara akwai kasuwar katako ta wajen Jamestown, na Yamai kuma Kasuwar Katako ba baƙuwarsa ba ce. Ka ɗauki kayan a hannu ka ji nauyinsa. Filayar da bakinta bai haɗu daidai ba tun a shago, ba a gida za ta haɗu ba. Araha ba ta ado. Guduma tsohuwa mai ƙarfen kirki ta fi sabuwa mai ƙyalli da kanta zai fita ya sami ƙafar yaro.

Aikin kuma daga ƙasa ake fara shi. Ka yanki leda kamar rabin mita kowane gefe, ka shimfiɗa a daɓen, ka liƙe gefunan huɗu da salatif, ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa a ƙarƙashinta ko simintin ya yi duhu, to daɓen na jawo laima daga ƙasa, kuma duk buhun da ka ajiye a kai zai sha. Ko ma bai nuna ba, kada kaya ya taɓa ƙasa. Ka yi musu gadon katako, ya tashi aƙalla santimita 15, in unguwar ambaliya ce ka ɗora shi kan bulo ɗaya ko biyu. Tsakanin kaya da bango ka bar wajen da hannu zai shiga ya yi yawo, don bango ma yana zufa.

Sai bakin ƙofa. Layin bulo ɗaya ya isa ya zama dokin ƙofa, ya tare ruwan da ke kwaranyowa daga titi. Siminti awo ɗaya, yashi awo huɗu, ruwa kaɗan-kaɗan har ya kama cokali. Inda mutane ke kuskure shi ne, su gama su tafi. Siminti da ruwa yake ƙarfi, don haka a riƙa yayyafa masa safe da yamma har kwana bakwai. Wannan aikin yara ne, kuma suna son sa. Lambatun ƙofar gida ma a kwashe shi tun kafin hadari, a kira maƙwabta a yi tare, domin in ya toshe a gaban gidan wani, naka ne zai sha ruwan.

Rufi kuma da rana tsaka ake duba shi. Shiga, rufe ƙofa, kashe fitila, ɗaga kai. Duk inda ka ga ɗigon haske, nan ruwa zai zubo. Ƙaramar huda, kwalta ko gam na kwano ya ishe ta. In ƙusa ce ta saki, a cire a sa sabuwa mai hula, kuma a kan tudun kwanon ake buga ta, don kwarin hanyar ruwa ce. Wajen hawa, gindin tsani ya ja baya mita ɗaya a duk mita huɗu na tsawo, wani ya riƙe, a taka inda layin ƙusoshi yake don nan ne katako ke ƙasa. Jiƙaƙƙen kwano ba a hawansa, wanda wayar wuta ta ratsa ta kansa ma haka. Alhaji, in shekaru sun ja kamar nawa, tsaya a ƙasa ka riƙe tsanin, ka bar samari su hau. Ba abin kunya ba ne.

Wani zai ce ya toshe ko'ina amma da asuba yana ganin ɗigo a kan kaya. Wannan ba yoyo ba ne. Da dare kwano kan yi sanyi, tururin da ke cikin ɗakin ya taru a jikinsa ya zama ruwa, kamar yadda marfin tukunya ke yi. Maganinsa iska. A buɗe ƙananan kafofi biyu, ɗaya ƙasa-ƙasa, ɗaya can sama a bangon da ke kallonsa, a sa musu ragar ƙarfe saboda ɓera. Ranar da rana ta fito sosai a buɗe ƙyauren awa biyu. Goro kuma, tunda shi laimarsa yake so a cikin ganyensa, a ware masa wurinsa daban, kada a jingina huhunsa da dilar shadda.

Yanzu ga maganar da ta shafe mu fiye da 'yan gari. Mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne. Kantar da za ka yi, yi ta yadda za ka iya kwance ta. Katakon tu-bai-fo a ƙafafu, falanki a kai, a ɗaure da ƙusa mai murɗawa maimakon ta bugawa, a gicciya katako ɗaya a baya don kada ta yi rawa. Kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Ƙafafun su zauna kan guntun tayil ko bulo yadda in gara ta fara ginin hanyarta za ka gani. Ranar tashi, sukundireba ɗaya ya isa ka loda kantarka a mota.

Abin da zai zauna a jikin gini kuwa, irin su dokin ƙofa, huda bango da canjin kwano, kada ka taɓa sai ka zauna da mai gidan. A Gana, dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma duk wanda ya nemi ɗaki a Akara ya san shekara ɗaya ko biyu ake tambaya. Mutumin da kuɗinsa na shekara biyu ke hannun wani, bai kamata ya ba shi hujjar cewa ya ɓata masa gida ba. Ku yi magana, ku rubuta abin da za a yi, da wanda zai biya, da ko za a cire daga kuɗin haya. Ku sa hannu gaban shaida biyu, ka ɗauki hoton wurin da wayarka kafin aiki da bayansa. Yawancin masu gida in suka ga gyara ne ba sa ƙi. Faɗan yakan taso ne idan suka zo suka tarar.

Akwai kuma iyakar da mai guduma zai tsaya, ita ce wutar lantarki. Canza ƙwan fitila ko kan filogi, wannan naka ne, bayan ka kashe wutar daga babban makunni ka gwada da testa. Jan sabon layi zuwa gareji kuwa aikin mai sana'a ne. A Gana tun dokar 2011 Hukumar Makamashi ce ke ba masu jan waya shaidar ƙwarewa, ka tambayi katinsa. Ka kuma san abin da za ka duba: wayar fitila mai kauri 1.5 ce, ta soket 2.5. In ka ga ya jawo siririya zuwa soket, tsayar da shi. Sannan ƙasashen nan bakin soket ɗinsu ba ɗaya ba ne. Gana da Najeriya mai ƙafa uku ne irin na Ingila, Kamaru da Benin da Togo da Nijar kuwa mai zagayayyun ƙafafu ne irin na Faransa. Mu da muke ketare iyaka da kaya, mun iya yanke filogi mu cusa tsirarar waya mu danne da tsinken ashana. Don Allah a bari. Wayar da ba ta kama sosai ba zafi take yi, kusa da ita kuma atamfa ce. Ko wayar jona wuta mai baki da yawa, filoginta mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000 ne. Butar dafa ruwa da dutsen guga kaɗai sun kai nan, balle a ƙara da firiza.

Mun ga abin da wuta ta yi wa kasuwar gwanjo ta Kantamanto a farkon Janairun 2025, mutane suka wayi gari ba su da ko tsinke. Mun kuma tuna daren 3 ga Yunin 2015, da ambaliya ta haɗu da man fetur a gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙan musulmi, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Jarkar fetur ba ta kwana ɗaki ɗaya da kaya. Tukunyar gas ma haka, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya ya jira tartsatsi. Ruwan sabulu a bakin tiyo zai nuna maka in yana fita, kumfa za ka gani. Janareta kuwa kada a kunna shi cikin gareji ko da an bar ƙofa a buɗe saboda tsoron ɓarayi. A cikin hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane suna barci, kuma garejin da ke jikin ɗakin kwana bango ɗaya ne ya raba su. A ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai gari a bakin ƙofa, inda hannu zai kai ba sai an shiga ciki ba.

Na bar muhimmiyar magana a ƙarshe. Alhaji, kai ba mazauni ba ne. Ruwan da zai shiga sito yakan zo ne kana Legas ko kana hanyar Garwa. Wadda ke gida ita ce Hajiya. To ta san inda babban makunnin wuta yake? Ta san inda ake rufe ruwan gidan duka? Akwatin kayan aikin yana inda za ta iya ɗauka, ko ka kulle shi ka tafi da makulli a aljihu? Ku zagaya tare, ka nuna mata, a rubuta lambar mai gyaran wuta da ta mai gyaran famfo a jikin marfin akwatin. Hajiya, ke ma ki nemi a nuna miki, domin abin da ke cikin sitonnan shi ne kuɗin makarantar yara da na cefane. Yaran kuma, maza da mata, duk wanda ya kai shekara goma a ba shi tef ya auna, a ba shi sukundireba ya ɗaure kanta. Yaron da ya iya gyaran ƙaramin abu ba ya jiran kowa, kuma wani daga nan yake gano sana'arsa.

Duk wannan aikin kwana biyu ne ko uku, ranar da ba kasuwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya san wata dabarar da ta yi masa amfani a garin da yake, musamman 'yan'uwanmu na Duwala da Abijan da suka fi mu shan ruwa, ya aiko mana mu ƙaru.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da iyalanmu, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in muna da rabon ganawa.